Ƙudujin Malam Dabo

Duk manomin da ke ƙasar Shanono, in ka ambaci ƙuduji a gabansa, sai ya ɓata fuska. Wata 'yar ciyawa ce siririya mai fure shunayya, kyakkyawa a ido kamar yawancin masu cutar mutane. Ba ta wahalar da kanta da neman abinci. A ƙarƙashin ƙasa take lalubo saiwar dawa, ta kafa mata baki, ta yi ta tsotso. Kafin ta leƙo sama ta yi fure, dawar ta riga ta tsumbure, ganyenta ya yi ja kamar an babbaka. A wannan damina mutum ɗaya ce kaɗai a duk yankin take addu'ar Allah ya sa ƙuduji ya yi kyau, ita ce Falmata Umara.

Falmata 'yar Rijiyar Zaki ce. Kakanta ya zo Kano daga Borno da fataucin bandar kifi, ya zauna, bai koma ba. Mahaifinta, Alhaji Umara, hatsi yake saye a ƙauyuka ya kawo birni. Ita kuwa ta yi digiri na ɗaya da na biyu a kan ƙwayoyin halitta, a wata jami'a nesa da gida, inda akwai babban injin karanta ƙwayoyin gado guda ɗaya. An yi bikin buɗe shi sau biyu, an yanka ƙyalle, an ci kaji, amma ba a taɓa kunna shi ba. Falmata ta gama karatunta tana kallonsa lulluɓe da leda kamar gawar da aka rasa danginta.

Abin da take son yi a rayuwa ba ɓoyayye ba ne, ko da yake a gidansu ba wanda ya taɓa sauraronta har ƙarshe. A cikin kowane tsiro akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, haruffa huɗu ne kawai ake ta jujjuyawa, amma su ke faɗa wa dawa tsawonta da launinta da abin da za ta iya jurewa. Falmata tana son ta karanta wannan rubutu, ta nemo layin da ke sa wata dawa ta gagari ƙuduji. Kuma ta san inda irin wannan dawar take, a gonar Malam Dabo.

Malam Dabo aminin mahaifinta ne, wajensa Alhaji Umara ya fara awon hatsi tun yana yawo a kan keke. Bafulatani ne da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama fartanya, a wani ƙauye gabas da Shanono inda gona ke manne da gona, iyakar kowa layin aduwa ko lalle. Yana da wata dawa kaura da ya gada daga kakarsa, shi ya sa yake ce mata tsohuwa. Ba ta da yawan amfani kamar irin da ake sayowa a kasuwa, amma a shekarar da ƙuduji ya cinye gonakin maƙwabta, ita tana nan tsaye.

Da damina ta faɗi, Falmata ta roƙi Malam Dabo wani yanki na gonarsa, wanda ƙuduji ya fi addaba. Suka shuka tsohuwa da irin kasuwa a gauraye, kunya ɗaya. Ta ɗaura wa kara wajen ɗari biyu ƙyalle mai lamba. Ta yanki ganyen kowane ɗaya ta busar a 'yar kwalba. Saura abu ɗaya: ƙuduji ya gama fitowa ya yi fure, ta ƙirga nawa ne a gindin kowane kara. Ba tare da wannan ƙidayar ba, kwalabenta busasshen ganye ne kawai, don ba yadda za a ce wannan ya jure, wancan bai jure ba.

Abin da ta faɗa wa Malam Dabo a kan wannan duka bai wuce kalma biyar ba: "Baba, kada a cire ƙuduji." Bai tambayi dalili ba, ita kuma ba ta ba shi ba. Ta sha yi wa farfesoshi bayani suna duba waya, don haka ta yanke wa kanta cewa bayani ɓata yawu ne. Ilimi yakan koya wa mutum irin wannan rowar ba tare da ya sani ba.

A gida, Alhaji Umara ya ba ta damina ɗaya.

"Alhaji Bunu yana riƙe miki gurbi a ɗakin gwajin jininsa na Bacirawa," in ji shi. "Ga fanka, ga kujera, ga albashi. Ke kuma kin nace sai kiwon ciyawa. To, ki yi. In kaka ta yi ba ki samu wanda ya ɗauke ki ba, ki sa farar riga ki tafi Bacirawa."

Falmata ta san wurin. Duk wanda ya shiga da ciwon kai, da taifod yake fitowa. Ta ce, "To, Baba," don ta tabbata ba za ta je ba.

Dalilin tabbacinta Dakta Juwairiyya ce, shugabar ɗakin gwaje-gwaje a wata cibiyar binciken amfanin gona. Ita injinta yana aiki, kuma a bana tana da gurbin ɗalibin digiri na uku guda ɗaya tak. Falmata ta tura mata hotunan gonar. Amsar da ta samu a waya gajera ce.

"Hoto ba ya burge ni. Na taɓa ganin hoto ɗaya a aikin mutum uku. In ƙudujin ya yi fure ki kira ni, in zo in gani da idona, mu ƙirga tare. In abin da kika faɗa gaskiya ne, gurbin naki ne."

A zuwanta na ƙarshe Falmata ta tarar da gonar ta fara zama shunayya, tsohuwa tana tsaye a tsakiya da ganyenta kore shar, irin kasuwa kuwa duk ya rusuna. Ta bar ƙudujin ya ƙara cika. Ta kira Malam Dabo daga birni ta ce babbar malamarsu za ta zo duba gonar ranar Laraba.

"Babba ce sosai?"

"Ita ce za ta ce na ci ko na faɗi, Baba."

Sai ya ce, "To. Za ta same mu a shirye."

Ranar Laraba da hantsi motar cibiyar ta sauka daga kwalta ta kama turɓaya. Dakta Juwairiyya tana gaba, mace ce gajera mai tabarau, ba ta dariya sai da dalili. Falmata tana baya da 'yar jakarta, tana nuna wa direba hanya, tana jin kanta kamar mai shirin buɗe kwanon da ta san ya yi daɗi. Suka wuce gonakin gero da aka fara girbewa, suka wuce rijiya, suka karya kwana a gindin wata tsamiya.

Sai ta ga gonar.

Ba fure ko ɗaya. Kunyoyin sun fito tas, ƙasa ja, ko tsinke babu, kai ka ce tsakar gidan da aka share don suna. Ƙyallayenta suna nan suna kaɗawa a jikin kara. A can gefe, tulin toka yana ɗan hayaƙi.

Malam Dabo yana tsaye a bakin gona cikin babbar rigarsa ta Juma'a, an shimfiɗa tabarma a inuwa, matarsa Inna Sakinatu tana zaune kusa da ƙwaryar fura.

"Maraba da manyan baƙi! Sannunku da hanya. Dakta, sannu da zuwa, kin sha turɓaya." Ya juyo wajen Falmata fuskarsa cike da fara'a. "Ke kuma Babarbariya, yau ba gaisuwa? Ko ganin gonar kirki ne ya ɗaure miki baki?"

A wata ranar da ta rama, ta ce masa Bafulatanin da ya rasa shanu ya fake da noma, don tsakanin Barebari da Fulani wannan wasa halal ne ko da furfura. Yau sai ta durƙusa kawai.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Gayya na yi shekaranjiya. Mutum goma sha wani abu, tun safe har azahar. Amma na tsaya a kansu, na ce wanda ya taɓa ƙyallen yarinyar nan ni da shi ne. Je ki duba, ko ɗaya bai ɓace ba."

Dakta Juwairiyya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta dubi gonar, ta dubi tokar, ta dubi Falmata.

"Wannan ce gonar?"

"Ita ce, Dakta."

"Ina ƙudujin?"

Malam Dabo ya karɓe da sauri, kamar mai kare 'yarsa a gaban alƙali. "Babu shi, ranki ya daɗe. Ai yarinyar nan tana da ƙoƙari. Ɗan abin da ya fito mun cire mun ƙone tun bai zubar da iri ba, kamar yadda malaman gona suke cewa. Ba za ki samu laifinta a nan ba."

Nan ne Falmata ta gane yadda abin ya faru, kuma ganewar ta fi ganin gonar ciwo. Duk malamin gonar da ya taɓa zuwa ƙauyen nan, faɗa yake yi in ya ga ƙuduji. A wurin Malam Dabo, yarinya ta gama 'yan dube-dubenta, ta ɗauki hoto, ta yanki ganye. Yanzu babba za ta zo duba aiki, wa zai bari babba ta tarar da ƙazanta ta kayar masa da 'yar amini? Ya tara mutane, ya ciyar da su daga rumbunsa, don ya cece ta.

Inna Sakinatu, da ta fi mijinta iya karanta fuska, ta ajiye ludayi.

"Na ce masa ya kira ki ya tambaya. Ya ce yaushe Bafulatani ya fara neman shawarar Babarbariya."

"Ke, Sakinatu."

"To ƙarya na yi? Tun farkon damina ake masa dariya a bakin masallaci. Har suna aka sa masa, wai Dabo mai lambun fure. Ya shanye, bai taɓa faɗa miki ba. Amma a ce baƙuwa daga birni ta zo ta gani, wannan kam ya ce ba zai iya ba."

Malam Dabo ya dubi matarsa, ya dubi baƙuwar, fara'ar ta fara sauka daga fuskarsa a hankali.

"Wai wani abu ya lalace ne?"

Dakta Juwairiyya ba muguwa ba ce, amma ba ta saba zagaye ba. "Malam, abin da na zo gani shi kuka ƙone. Allah ya saka da alheri, niyya mai kyau ce." Ta juya ga Falmata ta rage murya. "Ba abin da za mu ƙirga. Mu sha furar mutane kada mu yi rashin kunya, mu kama hanya. Ki sake gwadawa baɗi, in gurbi ya samu."

Falmata ta san baɗi ba ta cikin maganar da suka yi da mahaifinta. Ta ce a ba ta minti kaɗan. Ta shiga cikin dawar, ba don tana da dabara ba, sai don kada ta yi kuka a gaban dattijo. Ta tsuguna a gindin wani kara na irin kasuwa, tsumburarre, mai lamba a wuya. Ƙasar gindinsa duk 'yan ramuka ne, inda aka fizge ciyawar. Ta sa yatsa a ɗaya tana tonawa, yadda mai baƙin ciki yake wasa da ƙasa. Yatsanta ya taɓa wani abu mai tauri. Ta share. Wani farin guntu ne, kamar tsiron albasa, an karye shi daga sama.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe ta karkaɗe zani, ta fito da wata irin tafiya da ba da ita ta shiga ba.

"Baba, da hannu aka cire ko da fartanya?"

"Da hannu mana. Dawa ta fid da kai, wa zai sa mata ƙarfe ya sare saiwa?"

"Alhamdu lillahi." Ta juya. "Dakta, sama kawai suka tsinke. Bakin da ya kafa a saiwa yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Har waɗanda ba su kai ga fitowa ba suna nan. In muka tuge kara muka wanke saiwar, za mu ƙirga abin da ma ido ba ya gani daga sama."

Dakta Juwairiyya ta ɗaga gira. "In mai gona ya yarda ki tuge masa abinci."

Malam Dabo ya riga ya ji. Ya ja da baya taku ɗaya.

"A tuge? Dawa da ciki? Ta fara zuba ido fa. 'Yar nan, ni tun da nake ban taɓa tuge dawa tana da rai ba. Wannan ai kamar yanka akuya ce da ɗa a ciki."

Falmata ta zo ta zauna a gefen tabarma, ƙasa da shi, ta yi abin da ya kamata ta yi tun ranar shuka. Ta faɗa masa komai. Ta ce a jikin tsohuwa akwai wani abu da kakarsa ta yi ta zaɓa shekara da shekaru ba tare da ta san sunansa ba, duk lokacin da ta ware kan da ya fi kyau ta rataye don iri. Ta ce abin rubuce yake a cikin kowace ƙwaya, kuma akwai injin da ke karanta shi. In aka gano wurin, za a iya haɗa tsohuwa aure da irin da ya fi yawan amfani, a duba 'ya'yan tun suna tsiro a san wanne ya gado ta. Ta ce ƙudujin da ta hana a cire shi ne shaidarta, don ba a sanin mai juriya sai ga abin da ya jure a gindinsa. Ta faɗa masa maganar Bacirawa ma.

Ya saurara har ƙarshe, abin da farfesoshi ba su taɓa yi ba. Da ta gama ya ce, "To me ya hana ki faɗa mini haka tun farko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da na sani," in ji shi, "da wanda ya ce mini mai lambun fure na ce masa shaida nake kiwo." Ya ɗauko fartanya daga gindin bishiya ya miƙa mata ta ƙota. "Ungo. Ni hannuna ba zai iya ba. Ke ki tuge, Barebari dama ba ku da tausayi."

"Mun gode, Baba. Allah ya mayar muku da shanunku."

"Ji 'yar banza," ya ce, ya juya baya don kada ya ga saran farko.

Ta fara da irin kasuwa. Ta haƙa kewaye da gindin da faɗi, ta ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya. Inna Sakinatu ta aika aka kawo baho, Malam Dabo da kansa ya tattare babbar riga ya jawo ruwa. Falmata ta tsoma saiwar tana kaɗawa a hankali har ƙasa ta saki. Abin da ya fito ba kyan gani. Saiwar duk ƙulle-ƙulle ce, kowane ƙulli da farin tsiro a jikinsa, wasu karyayyu, wasu suna kan hanyar fitowa, kamar kaska a kunnen kare.

"A'uzu billahi," in ji Inna Sakinatu. "Ashe haka ake cin ta."

Dakta Juwairiyya ta matso, ta ɗaure gyalenta a ƙugu. "Wannan kowa ya san shi. Kawo tsohuwar."

Falmata ta zaɓi wadda ta fi yarda da ita, doguwa mai kauri, wadda a zuwanta na ƙarshe ba fure ko ɗaya a gindinta. Abin da ta rubuta wa Dakta tun farko shi ne tsohuwa ba ta ma bari ƙuduji ya kama ta, saiwarta ba ta fitar da abin da ke tayar da irinsa daga barci. Don haka ta san abin da za ta gani, saiwa fara tas. Ta wanke, ta ɗago ta a rana.

Ƙulle-ƙulle ne a jikinta, da yawa.

Dakta Juwairiyya ta ƙirga da ido, ta ce, "To, ga juriyar taki. Ya kama ta kamar kowa."

Falmata ba ta saki saiwar ba. Ta ciro madubin ƙara girma daga jaka ta kusanto da shi. Ta bi ƙullin farko, na biyu, na uku. Sannan ta ɗauko saiwar irin kasuwa ta jera su gefe da gefe a kan tabarma.

"Dakta, duba girmansu. Waɗancan fari ne, da ruwa a jikinsu, sun yi tsiro. Waɗannan ko ƙwayar gero ba su kai ba, kuma baƙi ne. A bushe suke. Ba ɗaya da ya tsira." Ta murje ɗaya da farce, ya marmashe. "Abin da na rubuta miki ba daidai ba ne. Ba hana shi kamawa take yi ba. Barinsa take ya kafa baki, sannan ta toshe masa hanya ya mutu a nan."

Dakta ta karɓi madubin. Ta daɗe a sunkuye.

"Wataƙila rashin ruwa ne ya kashe su."

"Kunya ɗaya suke da waccan, taku biyu tsakaninsu. Ruwan da ya jiƙa wannan shi ya jiƙa waccan."

"Wataƙila wannan karan ne kawai."

"Sai mu tuge wani."

Suka tuge wani, da wani. Rana ta take. Dakta Juwairiyya ta cire takalmi, laka har gwiwar hannu, tana ƙirga tana faɗa, Falmata tana haɗa kowace ƙidaya da lambar ƙyalle. Tsohuwa huɗu suka nuna abu ɗaya, baƙaƙen ƙulli matattu. Ta biyar ta ba su kunya, tana da fararen tsiro uku masu rai.

"Wannan fa?" in ji Dakta.

"Wannan ta fi sauran amfani a wurina. In dukkansu iri ɗaya ne, da me zan gwada? Wadda ta gaza ita za ta nuna mini abin da sauran suke da shi."

A karo na farko tun safe, gefen bakin Dakta Juwairiyya ya motsa. Amma ta ce, "Biyar ba hujja ba ce. Ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda da biyar ba."

"Arba'in fa? Ashirin daga kowane iri."

"Arba'in magana ce."

Duka suka juya wajen Malam Dabo. Yana tsaye da guga a hannu, yana kallon kan dawar da ke kwance a ƙasa, ido bai gama cika ba. Kara arba'in ba zai sa gida yunwa ba, amma wanda bai taɓa shuka ba ne kawai zai ce ba komai ba ne.

"Ashirin na tsohuwa," ya ce a hankali. "Kakata da tana raye da ta bi ni da muciya."

"Kakarka ta bar maka iri," in ji Inna Sakinatu, "amma tuwon ni nake tuƙawa, kuma na ce ya isa. Karan ma awaki sun samu. A tuge, Malam, yarinyar nan ba za ta ƙare a gwajin fitsarin mutane ba saboda gayyarka."

Ya yi ajiyar zuciya. "To. Amma ni zan nuna waɗanda ba za a taɓa ba. Akwai kan da na riga na sa wa ido don iri."

"Waɗannan ko an ba ni ba zan karɓa ba, Baba. Ina bukatarsu baɗi fiye da kai."

Suka yi sallar azahar a gindin tsamiya, suka sha furar da ta riga ta yi tsami, suka koma. Dakta ta sa aka sauko da akwatin ƙanƙara daga mota, Falmata tana yankar guntun saiwa daga kowane kara tana sawa a kwalba. Maƙwabta da suka yi gayyar shekaranjiya suka taru a kan iyaka suna kallon yadda mutanen birni ke tuge dawa a gonar da suka sha wahalar gyarawa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Dabo, an bar fure an koma tuge?" Malam Dabo ya ce masa, "Je ka tambayi saiwar gonarka," ya ci gaba da jan ruwa.

Da la'asar suka gama. Dakta Juwairiyya ta wanke ƙafa ta zauna a bakin mota.

"Saurara, Falmata. Ɗari biyun nan naki ba zan sa su a injina ba, don ba su da ƙidaya. Arba'in ɗin nan zan sa. Abin da kika zo da shi a rubuce kuskure ne, za ki sake shi daga farko. Kuma arba'in somawa ce kawai, baɗi sai an sake shuka, a bar ƙuduji ya yi fure, a ƙirga sama da ƙasa." Ta rufe akwatin ƙanƙarar. "Ki zo farkon wata. Ki taho da takalmin da ba kya tausayi, kuma ki koyi yi wa mutane bayani."

"In sha Allahu, Dakta."

Malam Dabo, da ke tsaye kusa, kalma ɗaya ya tsinta. "Baɗi? Wato wata shekarar ma ni ne mai lambun fure?"

"Shekara uku, Baba, in Allah ya kai mu."

"La ilaha illallahu. Umara ya haifa mini jarraba." Ya nuna ta da yatsa. "To wallahi ranar shuka ke za ki zo ki tsaya a bakin masallaci bayan an sallame, ki yi musu wannan karatun da kika yi mini. Da bahonki da saiwarki."

"Zan zo, Baba. Har da madubin."

A hanya, da motar ta hau kwalta wayarta ta samu layi, Falmata ta kira mahaifinta. Ta shirya yadda za ta fara, amma bai bar ta ba.

"Dabo ya riga ki," in ji Alhaji Umara. "Ya ce kin tuge masa rabin gona, kin sa babbar mace ta yi wanka da laka."

"Kara arba'in ne, Baba."

"Ya ce ɗari huɗu." Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "To, me zan ce wa Alhaji Bunu?"

"A ba shi haƙuri, a ce ya ba wani kujerar."

"Da fankar?"

"Har da fankar, Baba."

Ta kashe wayar, ta jawo akwatin ƙanƙarar kusa da ƙafarta don kada gargada ta girgiza shi.